Neman kalma: me za mu kira hawa tsauni da rediyo a yi kira daga ƙololuwa?

Malam Na-Zazzau:
Assalamu alaikum. Ina fassara ƙa'idojin SOTA (Summits on the Air), shirin da masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don nishaɗi, suka fara a Birtaniya a 2002, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini. Mutum ya goya tasharsa, ya hau tsauni da ƙafa, ya kafa eriya, ya yi magana da wasu tashoshi. Su suna ce wa wannan activation, mai yi activator, wanda ke gida yana neman sa kuma chaser. Na fara rubuta "kunna tsauni". Me kuka gani?

Injiniya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. A cire kunna. Duk wanda ya ji an kunna tsauni zai ɗauka mafarauta ne suka saka wa ciyawa wuta. Mu duba abin da dokar ta tanada tukuna. Dole ƙarshen tafiyar ya kasance ba da inji ba. Ba a aiki daga cikin mota, ba a jona komai da ita. Wuta daga batir ko faranti mai aiki da hasken rana, ban da janareto. Kuma mutum ya zauna a inda bai gaza ƙololuwa da fiye da mita 25 a tsaye ba. Ma'auni na tsaye ake nufi, don haka a tsauni mai faffaɗan kai kana iya nisa da ƙololuwar sosai kana nan cikin iyaka. Ina ba da shawarar "tashar tafi-da-gidanka".

Auwalu Mai Gyara:
Injiniya, da girmamawa, tafi-da-gidanka ta yi faɗi. Rediyon da ke cikin mota ma tafi-da-gidanka ce, ga shi kin ce an hana mota. Sannan sunan kaya ne wannan, Malam kuwa sunan aiki yake nema. In kaya ne ni "tashar goyo" zan ce, don duka ba su fi ƙarfin jakar baya ba: rediyo mai wat 5 zuwa 10 irin FT-818 ko KX2, batirin lithiyam mai bolt 12.8 da ampiya-awa 3 ko 4, waya siririya mita 20, ɗan taransifoma 49:1, kebul mita 3 zuwa 5, da sandar fatsa mai zugewa ta mita 6 ko 7.

Baba Tangaraho:
Tashar goyo ta zauna, Auwalu, Allah ya yi albarka. Sai dai a rubuta a ƙarƙashinta cewa sandar ta zama ta zaren gilas. Ta zaren kabon tana ɗaukar lantarki, in waya ta kwanta a jikinta eriya ta kauce daga inda aka yanke ta. Ita wayar eriya mai tsawon mita 20 rabi ce na zangon rediyo na mita 40, wato wajen megahaz 7, kuma tana yin aiki a zangunan mita 20 da 15 da 10. Bakinta yana da turjiya kusan om 2,500, rediyo kuwa om 50 take so, shi ya sa taransifoma: naɗi 2 a gefe guda, 14 a ɗayan. A yanke ta da ɗan saura, a riƙa naɗe bakin kaɗan-kaɗan har ma'aunin wutar da ke dawowa ya sauka ƙasa da 2. Wanda ya yanke gajere sai ƙari da kulli, kullin nan kuwa shi ke fara tsinkewa in iska ta taso.

A kan sunan aikin: me mutum ke yi in ya hau? Kira yake. Ya faɗi CQ, wato kira ga duk mai saurare, ya faɗi lambar kiransa, ya faɗi lambar tsaunin, misali G/LD-001, wato Scafell Pike, mafi tsawo a Ingila, mita 978, maki 10. Ku ce "kiran tsauni".

Na-Damagaram:
Baba ya kawo ta. Amma tsauni ko dutse? Mu dai dutse muka fi faɗa, ko a Kano Dutsen Dala ake cewa, a Zariya Dutsen Kufena.

Injiniya Rabi:
Dutse yana ɗaukar har na niƙa da na guga. Tudu kuma ya yi ƙasa, jigawa ma tudu ce. Shirin ba ya karɓar kowane tudu: a yawancin ƙasashe sai ƙololuwa ta ɗara wuyan da ya haɗa ta da wani tsauni mafi tsawo da mita 150. Tsauni ya fi nuna wannan. A baka kowa ya faɗi dutsensa, a rubuce a bar tsauni.

Abin da ya rage mini, Baba, kira yana iya tafiya babu mai amsawa. Dokar ta raba biyu: magana da tasha ɗaya ta isa a ce an yi aikin, amma maki, daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsawon tsaunin, sai an samu tashoshi huɗu daban-daban. Maganar da aka yi ta tashar maimaitawa ta ƙasa, wato mai karɓar sigina ta sake watsa ta, ba ta shiga lissafi.

Baba Tangaraho:
To ai Hausa ta riga ta raba. "Ya yi kiran tsauni" ga wanda aka amsa masa ko sau ɗaya. "Ya ci tsauni" ga wanda ya cika huɗu, kamar yadda ake cin jarrabawa. Kuma sau ɗaya ake cin kowane tsauni a shekara, wanda ya koma kafin Janairu kira kawai ya yi.

Abin da ke hana cikawa galibi ba rediyo ba ce, rashin sanarwa ne. Wat 5 ƙaramar murya ce, ba wanda zai yi tuntuɓe da ita. A saka sanarwa a SOTAwatch, shafin intanet na shirin, tun daga gida, da sa'a da zangon da za a fito, don a kan tsauni sabis ɗin waya yakan ɗauke. Wanda ya iya bugun tangaraho, wato aika saƙo da gajeru da dogayen sauti maimakon murya, ya fi samun sauƙi, wajen megahaz 7.032 ko 14.062, don bugu yana ratsa hayaniyar da ke cinye murya.

Auwalu Mai Gyara:
Malam ka ƙara wa fassarar abubuwan da za su sami mai yi a irin duwatsunmu. Na ɗaya, falalen dutse ne, turke ba ya shiga. A soka gindin sandar a tsaga, ko a ɗaure igiyoyinta uku da manyan duwatsu. Na biyu hunturu: busasshiyar ƙura tana goga waya ta tara mata caji, ka ji ƙas-ƙas a lasifika, wani lokaci ta ɗana maka a yatsa. Irin wannan taransifoman yana ba cajin hanyar sauka zuwa jikin kebul, amma duk da haka a taɓa bakin kebul da ƙasa kafin a jona da rediyo. Da damina kuwa, da an ji rugugin tsawa a kwantar da sanda a sauka, ko da mutum uku aka samu. Rana tsaka rediyo tana zafi a kan dutse, a ɗora ta kan jaka a yi mata inuwa.

Sannan lasisi a aljihu, kuma a gaida mai unguwa ko dagaci kafin a hau. Baƙo da doguwar eriya a kan dutse, a halin da ake ciki, sai ya yi bayani.

Na-Damagaram:
Saura na gida. Mafarauci?

Injiniya Rabi:
Farauta ta fi dacewa da wata gasar daban, wadda ake ɓoye na'ura a bi siginarta a gano ta, kada su cakuɗe. Na gida amsawa yake yi, kuma shi ma yana samun makin tsaunin. "Mai amsa", jam'i "masu amsa".

Malam Na-Zazzau:
Na gode ƙwarai. Na rubuta kiran tsauni, mai kiran tsauni, cin tsauni, masu amsa, tashar goyo. In masu kira biyu suka haɗu daga tsaunuka biyu na sa "tsauni-da-tsauni", sai in wani ya ƙi.

Baba Tangaraho:
Ba wanda zai ƙi. Ka dai ƙara a babin littafin rajista cewa da agogon GMT ake rubuta lokaci. Na Najeriya da Nijar su rage awa ɗaya, na Gana su rubuta yadda agogonsu ya nuna.