Inci 55 ko 65? Tsakanin kujerata da bango mita 2.7 ne

Baban Biyu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Talabijin ɗin falona mai inci 43 ne, ya fara fitar da wani koren layi a tsaye ta gefen dama, mai gyara ya duba ya ce allon ne ya taɓu, gara in nemi sabo.

Na sa tef na auna. Daga inda kaina yake idan na jingina a doguwar kujera zuwa bango mita 2.7 ne. Kujerar ba ta matsuwa baya saboda tana jikin bango, gaba kuma hanyar wucewa ce. Akwai wasu ƙananan kujeru biyu a gefe da gefe.

Ni ƙwallo da labarai nake kallo ta dikoda. Yara katun suke kallo a YouTube. Uwargida kuma fina-finai masu rubutun fassara a ƙasan allo. Raina ya kwanta da inci 65, ita ta ce zai cinye falon, 55 ma ya isa. Mai sayarwa kuwa ya dage wai in ƙara ƙoƙari in ɗauki 8K, wato mai kaifin hoton da ya fi na 4K, zan riƙa ganin ciyawar fili ɗaya bayan ɗaya. Wanne ya dace da wannan tazarar? Kuma daga inda nake zama, idona zai ma iya bambance 4K da wanda bai kai shi ba?

Mai Awo ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Tunda ka riga ka auna, ka rage mana rabin aiki, don yawancin mutane sai sun kai kwalin gida suke tuna tef.

Mu fara da girma. Abin da ake dubawa shi ne yawan filin da allon ke cikewa a ganinka, ana kuma auna shi da digiri. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, SMPTE, digiri 30 ta ba da shawara. Kamfanin THX kuwa, da yake yanayin silima yake so a samu a gida, ya kai abin zuwa digiri 40. Ba sai ka shiga lissafin kusurwa ba. Ɗauki tazararka a santimita ka raba da 4, abin da ya fito shi ne incin da zai ba ka wajen digiri 30. Idan ka raba da 3, na digiri 40 ke nan. Naka 270 ne, na farko ya ba ka 67, na biyu 90. Ka ga ashe 65 ɗin da ake jin tsoro ma a ƙasan ma'aunin yake, ba a samansa ba. Inci 55 a wurin nan digiri 25 zai cike, wanda kake da shi yanzu kuma digiri 20.

Ka tuna incin nan daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ake auna shi, ba faɗi ba ne. Inci 55 faɗinsa wajen santimita 122 ne, tsayinsa 68. Inci 65 kuwa 144 da 81. A baki bambancin inci goma ne kawai, amma a fili allon 65 ya fi na 55 da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa uwargida ba ta yi ƙarya ba da ta ce zai ci wuri.

Sai maganar kaifin hoto, inda mai sayarwa yake so ya yi maka wayo. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne a jere. Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wajen miliyan 2 ke nan. 4K yana da 3840 da 2160, miliyan 8 da ɗoriya. 8K yana da 7680 da 4320, wajen miliyan 33. To amma ido yana da iyaka. Allon haruffan nan da likitan ido ke sa mutum ya karanta, wanda Herman Snellen ɗan ƙasar Holan ya fito da shi a 1862, an gina shi ne a kan cewa lafiyayyen ido yana rarrabe abin da ya kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Daga nisan mita 2.7, wannan ya yi daidai da milimita 0.8 ko ƙasa kaɗan. Yanzu dubi girman ɗigo ɗaya a allon inci 65: na Full HD milimita 0.75, na 4K 0.37, na 8K 0.19. Wato daga kujerarka ɗigon Full HD ma a bakin iyakar ganinka yake. Na 4K ya riga ya ɓace maka, balle na 8K. Kafin ka fara ganin fifikon 8K a kan 4K a allon inci 65, sai ka matso ƙasa da mita 1.3, kuma kai ka ce wurin hanya ce.

Akwai masu kaifin idon da ya wuce wancan ma'aunin, musamman matasa, su za su ɗan ga tsabtar 4K a gefen haruffa. Amma 8K a mita 2.7, wallahi ko shaho ne kai asarar kuɗi ce. Ga shi kuma babu abin kallo a cikinsa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gidan talabijin na NHK a Japan ya buɗe tashar 8K tun Disamban 2018, har yau yawancin ƙasashen duniya ba su bi sahu ba.

Kada ka ɗauka ina cewa ka je neman Full HD. A girman 55 zuwa sama kusan duk abin da ake ƙerawa yanzu 4K ne, shi za ka samu ko kana so ko ba ka so. Abin da nake cewa, kada lambar ɗigo ta zama ita ce ma'auninka. Daga nesa, abin da ido ke kamawa nan take shi ne hasken allo, da yadda baƙi yake fitowa baƙi sosai ba toka-toka ba, da ingancin launi. Kuɗin da za ka ƙara don 8K, ka zuba shi a nan.

Wani abin sha'awa: injiniya Bernard Lechner na kamfanin RCA ya taɓa auna nisan da mutane ke zama daga talabijin a gidajensu, ya samu tsaka-tsakin ƙafa 9, wato mita 2.7 ɗin nan taka. Falonka ba baƙo ba ne a wannan lissafin.

Ni dai 65 na zaɓa maka.

Maman Yara ta amsa:

Mai Awo, lissafinka ya yi kyau, amma ka tsallake abu mafi muhimmanci a tambayar: me ake kunnawa a ciki? Malam ya ce ƙwallo da labarai ta dikoda. Tashoshi da yawa a dikoda har yanzu tsohon hoto suke turowa mai layi 576, ba 1080 ba, ba a ma maganar 2160. Talabijin ɗin ne yake ƙago sauran ɗigon da kansa ya cike gurbi, kuma ba kowanne ne ya iya wannan aikin da kyau ba.

Mu da muka koma babban allo, ranar farko da aka kunna labarai sai da na ce a duba ko waya ce ta saki. Fuskar mai karanta labarai ta yi dishi-dishi, rubutun da ke gudu a ƙasa gefensa ya yi gashi-gashi. A ƙaramin da muke da shi da, ban taɓa lura da haka ba. Babban allo ba ya ƙara wa hoto kyau, abin da aka ba shi yake faɗaɗawa, har da aibinsa. Da aka kunna fim mai kyau ta intanet kuwa, sai ka ce ba shi ne na ɗazu ba.

Don haka Baban Biyu, kafin komai ka shiga saitin dikodarka ka ga me take fitarwa, ka kuma duba ko tashoshin da ka fi kallo suna da alamar HD. Idan da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ka haɗa ta, ka san ba za ka ga alheri ba ko wane allo ka saya, sai ka koma wayar HDMI, wadda ke iya ɗaukar hoton HD.

Sannan kujerun gefen nan da ka ambata, kada ka raina su. Allo iri-iri ne. Wanda ake kira VA baƙinsa ya fi zurfi, amma da ka koma gefe launi sai ya kwaɗe. IPS yana riƙe launi daga gefe, sai dai baƙinsa bai kai ba, musamman da dare idan an kashe fitila. OLED ya haɗa duka biyun amma aljihu zai ji a jikinsa. A wurin sayarwa ka taka gefe ka kalla, kada ka tsaya a gabansa kawai, kuma ka ce su kashe hoton tallan nan na furanni su sa maka tasha ta gaske.

Batun uwargida kuma, ku daina musu da baki. Ka yanko kwali biyu, ɗaya 122 da 68, ɗaya 144 da 81, ka manna a bangon ku zauna ku kalla tare. Ita ma falonta ne. Abu ɗaya da zan ba 65 shi ne rubutun fassara, karanta shi ya fi sauƙi a babba, wannan kam zai iya jawo ra'ayinta.

Ɗan Ƙwallo ya amsa:

Babban yaya, ɗauki 65 kawai. A ƙwallo kyamara daga nesa take ɗauko fili, 'yan wasa ƙanana suke fitowa, girman allo ne ke sa ka gane lambar riga. Ka fi sa ido kan yadda yake riƙe motsi. Ka ce a kunna maka wasa ka bi ƙwallon da ido lokacin da aka buga dogon fasin, idan tana jan wutsiya a bayanta ka bar shi.

Ka kuma yi lissafin data tunda yara YouTube suke kallo. Netflix da kansu sun ce 4K yana bukatar gudun intanet na megabit 15 a daƙiƙa, kuma yana iya shan gigabait 7 a awa ɗaya, HD kuwa wajen 3. Katun a 1080 daga wannan nisan babu yaron da zai yi ƙorafi. Batun HDMI 2.1 da 120Hz kuma, wato sabon samfurin mahaɗin da sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, in ba na'urar wasan PlayStation 5 ko Xbox Series X za ka jona ba, kada a cika ka da surutu a kai.

Baban Biyu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Yara, na duba, da HDMI aka haɗa, tashoshin ƙwallon HD ne, amma na labarai guda biyu da na fi kallo ba HD ba ne. Mai Awo, abu biyu suka rage mini. Ban yanke ba tsakanin ratayewa a bango da ɗorawa a kan tebur, shin wannan zai canza lissafin? Sannan yaran nan a ƙasa suke zama dab da allo, babba ba zai ɓata musu ido ba?

Mai Awo ya amsa:

Zai canza, Malam, don zuwa bango ka auna, lissafin kuwa zuwa fuskar allo ake yinsa. Idan ka rataye, 'yan santimita kaɗan za su ragu, 65 yana nan daram. Idan ka ɗora a tebur, allon zai matso da santimita 25 ko 30, tazarar ta dawo wajen 240 zuwa 245. Raba da 4, ka samu 60 ko 61, tsakiyar 55 da 65 sak. A nan maganar Hajiya ta ƙara nauyi. Layi 576 a allon inci 65, kowane layi kaurinsa milimita 1.4 ne, a 55 kuma 1.2. Duka biyun sun kai kaurin da idonka zai gan su, don haka za ka ga laushin hoton labarai ko wanne ka ɗauka, a 65 ne dai zai fi fitowa. Tunda ƙwallon HD ce, ni ban sauya ra'ayi ba, na dai ƙara sharaɗi: ka rataye shi. In tebur ya zama dole, ka auna faɗinsa tukuna, don da yawa daga cikin manyan nan ƙafafunsu a can gefe da gefe suke.

Wajen ratayewa kada ka bari mai aiki ya kai shi sama yadda ido ya ga ya yi kyau a tsaye. A zaune za ka kalla. Tsakiyar allon ya zo daidai da idonka, wanda a yawancin kujeru yake kamawa mita 1 zuwa 1.1 daga ƙasa. A inci 65, gindin allon zai tsaya wajen santimita 65 daga ƙasa ke nan. Mutane da yawa da ke cewa babban talabijin yana sa musu ciwon wuya, tsayin ratayewar ne, ba girman ba.

Batun yara, tsoron nan gadon zamanin talabijin mai ƙaton baya ne. A 1967 an gano wasu masu launi a Amurka suna fitar da hasken X-ray fiye da ƙima saboda kuskuren ƙira, aka gargaɗi iyaye kada yara su matsa kusa. Allon zamani mara ƙaton baya, LCD da OLED, ba sa fitar da wannan hasken. Zaman kusa na tsawon lokaci yana gajiyar da ido, yana bushe shi saboda ƙiftawa tana raguwa, don haka a riƙa ba su hutu. Abin da za ka lura da shi shi ne wannan: idan an kawo babban allo amma ɗaya daga cikinsu bai daina matsawa gaba yana ƙanƙance ido ba, ka kai shi a gwada masa gani, mai yiwuwa ba ya hango nesa ne.