Little League da Earthquake sun hana ni sakat, dan Allah a taimaka

Ɗan Samaru:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu buga Splinterlands, gem ɗin nan na yaƙi da katuna, ku zo ku cece ni, wlh abin ya fara isata. Wata uku kenan da abokina ya koya min gem ɗin, in wasa ya zo ba wata doka mai tsauri ina ɗan taɓukawa, amma da zarar an haɗa min doka biyu sai kaina ya ɗaure. Jiya da daddare ina wajen mai shayi nan bakin titin Samaru, wayata na jone a cajarsa don tun la'asar ba wuta a layinmu, nace bari in buga ko biyar ne kafin indomie ta dahu. A na uku sai ga dokokin Little League da Earthquake (girgizar ƙasa) tare, kuma mana da aka ba mu, wato makin da ake kashewa wajen ɗaukar katuna, ya haura 40. Kun san Little League ba a yarda da katin da ya wuce mana 4 ba har shi katin jagoran tim, ni kuwa duk taƙamata manyan katunan nan ne Diemonshark da Deeplurker, ina duba su naga duk an rufe. Lokaci na ta tafiya hannuna har rawa yake, kawai na ɗauki Tarsa a matsayin jagora na jera masu sara guda shida duk wanda ya fi tsada a cikin ƙananan. Kafin zagaye na huɗu ƙasa ta cinye min rabin tim, wasu ko sara ɗaya basu yi ba. Shi kuwa mutumin wasu ƴan tsuntsaye ya zo da su yana ta harbina. Ya kuke tsara tim a irin wannan? Kuma dole ne sai na cinye mana duka?

Na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka damu, duk mun bi ta nan. Fara da lissafi tukuna, shi zai kwantar maka da hankali. Jagora ɗaya ne, mayaƙa shida, kowa iyakarsa 4, kenan ko me zaka yi ba zaka wuce 28 ba. To ko 99 aka rubuta maka a sama ado ne kawai, daina kallonsa. Shi ya ruɗe ka har ka riƙa ɗaukar mai tsada maimakon mai amfani.

Na biyu, ita girgizar nan ka fahimci yadda take aiki. Ƙarshen kowane zagaye duk katin da baya tashi sama sai ta cire masa 2, kuma a matsayin sara ake lissafa ta. Wannan ne sirrin da mutane da yawa basu lura da shi ba, tunda sara ce to sulke take fara ci kafin ta taɓa rai, kuma mai baiwar Shield, wadda ke rage zafin sara, rabi yake sha, 1 kawai. Shi yasa in ka tuna da kyau zaka ga Antoid Platoon ɗinka, in ka saka shi, shi ya fi kowa daɗewa. Ƙananan katuna kuma yawanci ransu 2 ne zuwa 4, kaga zagaye biyu sun tafi ko ba wanda ya taɓa su.

Sannan inda ka fi cutar kanka shi ne jera masu sara shida. Mai sara daga gaba kawai yake duka, sai mai baiwar Reach daga na biyu, sai masu baiwar Sneak ko Opportunity daga baya. Sauran zaman ƴan kallo suke yi ƙasa na cinsu a banza. Ni da nine da katunan ɓangaren Life zan je: jagora General Sloan yana ƙara wa masu kibiya 1, Pelacor Conjurer a gaba, mana 2 ne kuma yana tashi, ba duka yake ba aikinsa kawai ya riƙa kaucewa yana ɓata musu lokaci, Venari Crystalsmith a bayansa tana masa magani tana harbi, Time Mage ya rage musu gudu, sai Celestial Harpy. Amma ka kula kar mai kibiya ya zama shi ne na ƙarshen da zai rage, in ya faɗo gaba baya iya harbi, tsayawa zai yi kamar gunki har a gama da shi. Na taɓa faɗuwa wasan da na riga na ci saboda wannan, har yau yana min ciwo.

Ƴar Kongo:

Yaya Na Tudun Wada duk abin da ka faɗa haka yake amma ni akwai inda nake ganin ka tsaya a rabi. Ai dokar nan ba kai kaɗai aka ɗora wa ba, shi ma na can ɓangaren ita yake kallo, kuma in yana da wayo masu fiffike zai kawo kamar yadda aka yi wa Ɗan Samaru. To kai ka zo da kibiya, mai tashi kuma yana da ƙarin kashi 25 na kauce wa sara da kibiya daga wanda baya tashi, ga bambancin gudu ma kowane 1 kashi 10 ne, sai ka ga ana ta harbin iska ƙasa na cin naka. Ni tsafi nake kaiwa. Tsafi baya kuskure sai in katin da aka kai wa harin yana da Phase, baiwar kauce wa tsafi, daga ko'ina yake duka, kuma ba ruwansa da sulke. Jagora Obsidian mana 4 ce tana ƙara 1 a tsafi, ka jera ƙananan matsafa irin su Khmer Princess, a zagaye biyun farko kafin girgiza ta gama da su sun riga sun kakkaɓo tsuntsayen. Ko Ice Pixie a ɓangaren ruwa, ita ga fiffike ga tsafi.

Kuma dan Allah Ɗan Samaru ka riƙa duba wasanni biyar na ƙarshe na abokin karawarka da ake nuna maka kafin ka zaɓi kati, mutane basa canza hali. In kaga mai son tsafi ne ka ɗauko masa jagora Thaddius Brood, ya rage masa tsafi 1 ya rage rai 1, a Little League wannan rai ɗayan ba ƙaramin abu bane, mai 3 ya koma 2 girgiza ɗaya ta ɗauke shi.

Na Tudun Wada:

Gsky ƙanwata kin kawo magana, ban musa ba. Sai dai in tsafin bai gama aiki da wuri ba kin shiga uku don naki duk a ƙasa suke. A saka ko mai fiffike ɗaya can baya saboda tsaro.

Mai Gyaran Waya PZ:

Oga duk ku huta, Brighton Bloom. Jagoran Dragon ne mana 4, kowa a tim ɗinka sai ya ba shi fiffike, girgiza ta zama labari. Ba sai ka saya ba, haya ake bayarwa da DEC, kuɗin cikin gem ɗin, sai dai ka tabbata tsarin da kake bugawa yana karɓar tsofaffin katuna kuma ba kowane wasa ake buɗe Dragon ba. Kuma ɗan uwa in ɗalibi ne kai kar ka taɓa kuɗin abincinka saboda kati, na ga yara a shagona sun yi haka ban ji daɗi ba.

Ɗan Samaru:

Kai Allah ya saka da alheri, wlh yau na san 28 ɗin nan, da can ina ganin mana ya rage sai inji kamar nayi asara. Yanzu da safe a cikin keke daga Kwangila na samu Earthquake ita kaɗai, na saka jagora Kelya Frendul don sulken nan 1 da take ƙarawa, na ajiye Ice Pixie a ƙarshe, ita ta rage ta ƙarasa min wasan, saura kaɗan in wuce inda zan sauka. Oga na PZ na ji, ba zan taɓa kuɗin abinci ba insha Allah. To dokar Noxious Fumes fa, wadda ake saka wa kowa guba, ita ma sulken zai taimaka?

Ƴar Kongo:

A'a, guba rai take ci kai tsaye 2 duk zagaye, sulke da fiffike duk basa hana ta. Nemi mai Immunity, wanda guba bata kama shi, ko masu rai da yawa, ko mai Cleanse ya wanke na gaba. Kuma ita Kelya ɗin ka kula in kaga dokar Reverse Speed, gudun da take ƙarawa a nan cutarka zai yi don marar gudu ne yake fara duka. Turo hoton katunan da kake da su mu gani da yamma in na fito daga lacca.