Digiri na Uku a Fannin Ba da Shawara: Neman Haske daga Sakkwato

Malamar Sakandare, Sakkwato:

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar 'yanmata a cikin garin Sakkwato, shekara tara ke nan ina riƙe da ofishin jagoranci da ba da shawara, kuma na kammala digiri na biyu a wannan fannin. Abin da ya sa nake tunanin komawa karatu shi ne irin ɗaliban da ke zuwa mini a 'yan shekarun nan. A da matsalar ba ta wuce zaɓen darussa da fargabar jarrabawa ba, amma yanzu akwai yaran da iyayensu suka baro yankin Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga. Akwai wata yarinya da take barin kujerarta ta maƙale a bayan ƙofa duk lokacin da babura suka wuce a jere ta bayan katanga, kuma ranar da ta zauna a gabana tana murza bakin hijabinta, na gane cewa abin da na karanta bai kai ga ciwonta ba. Tambayata ita ce, shin digiri na uku zai koya mini yadda zan taimaki irin wannan yarinya, ko kuwa bincike da rubutu ne kawai? Kuma mai aure da 'ya'ya uku za ta iya ɗaukar nauyinsa?

Ɗalibin Digiri na Uku:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan kishi. Ina shekara ta huɗu a wannan karatu, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona. A nan gida, galibi ana yin wannan digiri ne a ƙarƙashin tsangayar ilimi, kamar yadda yake a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ginshiƙinsa shi ne kundin bincike: za ki gabatar da shawarar bincike a gaban malaman sashe, ki fita tattara bayanai, ki kare aikin a cikin gida, sannan ki sake kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Mafi ƙarancin wa'adi shekara uku ne ga mai karatu na cikakken lokaci, amma mai aiki da iyali ya kamata ta shirya wa fiye da haka.

Wannan ya bambanta da tsarin Amurka, inda mai neman digiri na uku a ilimin halayyar ɗan Adam ɓangaren ba da shawara yake shafe shekara biyar ko shida, a ciki har da shekara guda cur ta aikin koyo a asibiti ko cibiyar ba da shawara. A Ingila ma sai ɗalibi ya cika sa'o'i 450 yana ganin masu neman shawara a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ke nan, idan burinki zama da mai firgici har ya samu sauƙi, kundi shi kaɗai ba zai ba ki wannan hannun ba, sai kin nemi horon da kanki. Ni na roƙi izinin zama kusa da ƙwararru, kuma a yankinmu akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake samun likitocin da suka san wannan aiki.

Kafin ki cike fom, ki binciki malamin da zai duba aikinki fiye da yadda za ki binciki kuɗin makaranta. Wani abokina a wata jami'a ya yi wata bakwai yana jiran a dawo masa da babi guda.

Dattijo, Tsohon Malamin Kwalejin Ilimi:

'Yata, na yarda da yawancin abin da ɗana ya faɗa, sai dai ba na son ki raina bincike, domin a wurin da kike tsaye babu abin da muka fi buƙata kamarsa. Yawancin ma'aunan damuwa da firgici da muke amfani da su, wato jerin tambayoyin da ake yi wa mutum don a auna halin da zuciyarsa ke ciki, an tsara su ne da Turanci, don mutanen da rayuwarsu ba irin tamu ba ce. Lokacin da na fassara wata takardar tambayoyi na kai ta ƙauye, na tambayi wata baiwar Allah ko tana da damuwa, sai ta ce ai kowa yana da ita, tana nufin bashi da tsadar hatsi. Sai da muka daɗe muna hira ta ce barci ya ƙaurace mata, ƙirjinta yana yi mata nauyi, kuma ta daina zuwa biki da suna. Kalmar da na zo da ita ba ta kama ciwon ba, nata bayanin ne ya kama shi. Wanda ya zauna ya tattara yadda Bahaushe ke siffanta ƙuncin zuciya, ya gina ma'auni a kansa, ya gwada ingancinsa, ya yi aikin da zai amfani kowane mai ba da shawara daga nan har Damagaram.

Ki karanta masana halayya na Amurka, Carl Rogers a kan sauraro, da Aaron Beck a kan yadda tunani ke juya yanayin zuciya, amma kada ki tsaya nan. Masanin Musulmi Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi bayani a cikin littafinsa Masalih al-Abdan wal-Anfus a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, kuma Farfesa Malik Badri na Sudan ya rubuta littafi a 1979 kan tsaka-mai-wuyar da masana halayya Musulmi ke shiga idan suka ɗauko ra'ayoyin Turawa ba tare da tacewa ba. Iyayen ɗalibanki za su fara zuwa wurin malamin ruƙiyya kafin su zo wurinki, don haka dole ki iya magana da harshen da suka amince da shi.

Ma'aikaciyar Jinya, Unguwar Mabera:

Yaya, ina so in ja hankalinki kan yarinyar da kika ambata, domin ita ba za ta jira ki gama digiri ba. Ki nemi iyayenta cikin sirri da mutuntawa, ki ba su shawarar kai ta ga likita, kuma ki ci gaba da sauraronta ba tare da tilasta mata ta maimaita abin da ta gani ba. Idan kuma kika zaɓi yin bincike a kan irin waɗannan yara, sai kin samu amincewar kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike da kuma yardar iyaye, kuma ki tanadi inda za ki tura duk wadda tambayoyinki suka fama mata rauni. Fannin ma yana samun gata a hukumance, domin a 2022 aka sanya hannu kan dokar kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara, sannan a farkon 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Malamar Sakandare, Sakkwato:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, Baba. Na aika wa mahaifiyar yarinyar saƙo, kuma ta ce za ta zo ranar Alhamis bayan tashi daga makaranta. Maganar ma'auni da Hausa ta zauna mini a rai, har na fara rubuta kalmomin da ɗalibaina ke faɗa a wani littafi, ba tare da sunayensu ba. Malam mai karatun digiri na uku, idan ba za ka damu ba, ina son sanin yadda ka rubuta takardar neman izinin zama tare da likitocin, da kuma ko sai an samu gurbin karatu ake miƙa ta.