Zafin jiki da gumin dare bayan ɗaukewar al'ada: maganin homon ne kaɗai mafita?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Shekarata 51, kuma wata 14 ke nan rabona da al'ada. Wani zafi ne ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska ba zato ba tsammani, da daddare kuwa sai in farka rigata ta jiƙe sharkaf, ko da cikin sanyin hunturu ne. Likita ta kawo shawarar maganin homon, wato mai maye gurbin sinadaran jikin mace da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada, amma yayata ta ce yana jawo sankarar mama. Don Allah me bincike ya tabbatar?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Maganar yayarki tana da tushe. A shekarar 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken da ake kira WHI a Amurka, wanda ya ƙunshi mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki a wurin masu shan estrojin haɗe da frojestin, wato nau'ikan homon biyu da ake haɗawa a maganin. Abin da bai yaɗu ba shi ne, matsakaicin shekarun matan nan 63 ne, yawancinsu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake duba sakamakon daga baya, sai aka gane cewa ga macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da daina al'ada ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin, muddin ba ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini ba. Har yau babu maganin da ya fi na homon kwantar da wannan zafi. Yana ba ni takaici in ga mace ta yi shekaru ba barcin kirki saboda labarin da aka ji rabinsa.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Hajiya, akwai kuma hanyar da babu homon a ciki. Masana sun gano cewa idan estrojin ya ragu, wasu jijiyoyi a sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita ɗumin jiki sukan yi aiki fiye da ƙima, sai jiki ya ɗauka zafi ya yi yawa, ya shiga fitar da gumi. Maganin Veozah, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2023, wannan saƙon yake toshewa. Sai dai a 2024 hukumar ta ƙara masa gargaɗi mai ƙarfi game da cutar da hanta, don haka dole a gwada hanta kafin a fara, a kuma riƙa maimaitawa.

Malama Mai Ritaya:
'Yar'uwa, ni na sha jiƙe-jiƙe iri-iri, sai da aka fahimtar da ni cewa a irin waɗannan gwaje-gwaje, hatta matan da aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta sukan ce sun sami sauƙi, shi ya sa shaidar maƙwabciya ba ta isa hujja ba. Kada kuma ki zauna jiran zafin ya wuce, domin binciken SWAN da aka yi a Amurka kan mata masu ɗaukewar al'ada ya nuna yakan kai shekara 7, ga mata baƙar fata na Amurka kuwa har 10.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mahaifiyarmu ta taɓa samun daskarewar jini a ƙafa, don haka da wannan zan fara idan na koma wurin likita ranar Litinin.