Neman shawara: patiron ya kawo takardar hana TikTok da bincikar waya, in sa hannu ko in ƙi?

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, admin don Allah a ɓoye sunana. Ni ma'aikaciya ce a wata kilinik mai zaman kanta nan cikin garin Maradi, ni ke riƙe da kes ina karɓar kuɗi ina yanka ma mutane tikiti. Kwanan baya wata yarinya cikin masu taimakon majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta ɗauki bidiyo sanye da buluz ɗinta ta aiki ta sa a TikTok, ita kanta kawai take ɗauka, ashe ƙofar ɗakin kwanciya na bayanta a buɗe take ana hangen wata mata kwance da ƙarin ruwa a hannu. Dangin matar sunka gani, mijinta da ƙannenshi sunka zo da faɗa, sai da dattawa sunka shiga tsakani. Yarinyar an sallame ta.

To yanzu patiron ya kawo wata takarda ya ce kowa ya sa hannu kafin Litinin. A ciki an ce ba mai ɗaukar hoto ko bidiyo cikin kilinik, wannan kam na yarda. Amma kuma an ce duk ma'aikaci ya goge TikTok ɗinshi gaba ɗaya, ba a sa sitatis a WhatsApp lokacin aiki, dole kowa ya karɓi darakta a matsayin aboki a Facebook, in an nemi wayarka ka buɗe ta ka miƙa a duba, kullum ka sa tallar kilinik a sitatis naka, kuma wanda anka kama ya saɓa a cire mishi jika 5 daga albashi. Ni albashin nawa kaɗan ya ɗara mafi ƙanƙantar albashi, abin da ke riƙe ni shi ne atamfa da lesi da turaren wuta da ake kawo mini daga Kano ta Ɗan Isa, kuma a sitatis da TikTok nake samun masu saye, da shi nake biyan lakkol ɗin ƙannena biyu in aika ma inna wani abu Tibiri. Kontara a rubuce ban da ita. In na ƙi sa hannu ina tsoron kora, in na sa kuma na kashe sana'ata da hannuna. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Lawali Zariya: Kar ki sa hannu ƙanwata. Shi ya saya miki wayar? shi ke sa miki mega? Aiki ya ɗauke ki ba sayen ki ya yi ba.

Maman Hanifa: Wa alaikis salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in fara da abin da ba za ki so ji ba, abin da yarinyar nan ta yi babba ne ƙwarai. Mace ta zo asibiti ba lafiya, ba ɗankwali ba mayafi, wataƙila ma ciwon da ya kawo ta ko kishiyarta ba ta so ta sani, sai a wayi gari hotonta na yawo wayoyin 'yan kabu-kabu? Asirin marar lafiya amana ce, kuma doka tana hukunta ma'aikacin lafiya da ya tona shi. Ke da ke kes ma kina cikin wannan amanar, don ke ke ganin sunan kowa da irin gwajin da ya biya ma kuɗi. Saboda haka zancen hoto, da buluz, da ambaton sunan kilinik, da latse-latsen waya mutane na tsaye kan layi, duk patiron ya yi daidai. Inda ya wuce gona da iri shi ne buɗe waya. Wayar mace akwai hirar ta da mijinta ko manemin ta, akwai hotunan gida, akwai saƙon 'yan uwa, namiji ba muharraminta ba ya ce miƙo in duba? A'a wallahi.

Baba Ilu tsohon delege: Ɗiyata ki natsu, wanga al'amari ba na gaggawa ba ne ko da sun ce Litinin. Na daɗe ina delege, wato wakili na ma'aikata kafin in aje aiki, irin wagga takarda mun sha ganin ta, sai dai da can ba zancen waya a ciki.

Dokar aiki ta ƙasarmu, wadda anka sa ma hannu 25 ga Satumba 2012, mai lamba 2012-45, ta ba mai ma'aikata damar rubuta dokokin cikin gida. Amma ta yi mishi iyaka, abin da za ya shiga ciki shi ne tsarin gudanar da aiki, da ladabtarwa, da tsabta da kariyar lafiyar ma'aikata. Kuma ba a ɗaki yake rubutawa ya fito ya ce a sa hannu ba, sai ya nuna ma delege sun faɗi ra'ayinsu, sannan a kai ma insipekta na aiki ya duba, in akwai abin da ya saɓa doka ya sa a cire. To tambayar farko da za ku yi mishi cikin ladabi ita ce, ranka shi daɗe wagga takarda ta bi ta wajen insipekta?

Sai zancen jika 5. Wannan tara ce, kuma doka ta hana mai ma'aikata cin ma'aikaci tara. In kin yi laifi shina iya ba ki takardar neman bayani, ya ja miki kunne a rubuce, ya dakatar da ke na 'yan kwanaki, in laifin ya yi girma ya sallame ki, amma ya sa hannu cikin albashinki ya yanki kuɗi da sunan horo, babu wannan. Ki duba kuma, mafi ƙanƙantar albashi tun Janairun 2024 jika 42 ne, in an cire miki biyar sau biyu cikin wata mi ya rage?

Rashin kontara a rubuce kar ya tada miki hankali. Wanda ke aiki ana biyan shi duk wata ma'aikaci ne ko da baka anka ɗauke shi. Ki adana takardun albashinki in ana ba ku, in ta waya ake turo kuɗin ki aje saƙonnin, ki bincika kuma ko an yi miki rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata.

Alhaji Sani na babbar kasuwa: Ni ina da yara a shago bari in faɗi namu ɓangaren. Wallahi wayar nan ta zame mana masifa, mai saye na tsaye yana sallama yaro ya duƙe kai yana dariya shi kaɗai, ka aike shi Nita ya tura kuɗi ya tsaya hanya yana kallon bidiyo. Akwai wanda ya ɗauki hoton sito na da kaya cike ya sa a sitatis, ni da nake ɓoye ma ɓarayi abin da ke ciki. Mutumin nan an zo an ci mutuncinshi gaban ma'aikatanshi, tsoro ne ya sa ya rubuta abin da ya rubuta, ku yi mishi uzuri. Amma gaskiya ko ni ban taɓa cewa yaro ya buɗe mini wayarshi ba, kuma tallar da yake so ku riƙa sa mishi, wannan roƙo ake yi ba umarni ba, in yana so dole to ya sa muku mega ya ƙara wani abu a kai.

Lawali Zariya: Alhaji uzurin mi? laifin mutum guda a ɗora ma mutum ashirin?

Alhaji Sani na babbar kasuwa: Yaro ba ka riƙe mutane ba tukuna. Ban ce ya yi daidai duka ba, cewa na yi a je mishi da lalama. In ta je da irin zafin nan naka ranar Litinin ita ce a waje, kai kuma kana gida.

Mai tambaya (ta hannun admin): Na gode iyayena. Baba mu mun kai mu goma sha takwas amma ba mu da delege, ba a taɓa zancen ba ma. Kuma wasu har sun sa hannu, masu shara da mai gadi, sun ce su ba ruwansu da TikTok. Abin da ya fi damuna shi ne zancen abota a Facebook, ni ina sa hotunan biki da na ƙawayena, ban so darakta ya riƙa bin su yana kallo.

Nafisa: Anti ni ɗalibar shari'a ce a jami'ar Tawa, zan ƙara kaɗan kan na Baba. Abin da ke cikin wayarki bayanan sirri ne, kuma ƙasar nan tana da dokar kare bayanan sirrin mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP. Patiron ba ɗan sanda ba ne ba alƙali ba, ba shi da hurumin bincikar wayar da ba ta ma'aikata ba. Lambar sirrinki ta Facebook ma ƙa'idar Facebook ɗin kanta ta hana ki ba wani. Abota kuma ra'ayi ce, ba ta cikin aikin kes.

Amma don Allah ki kiyaye abu guda, kar haushi ya sa ke ko wata cikinku ta hau TikTok ko wani gurup ta kama sunan kilinik ko na patiron tana zagi. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, a 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 an maido shi, shekara 1 zuwa 3 gidan kaso ga tara mai nauyi. Ko hoton takardar nan kar ki watsa da tambarin kilinik a jiki. Saƙon murya da kika tura ma mutum biyar yana iya kaiwa ga wanda ba ki zata ba.

Rabi mai turare Ali Ɗan Sofo: 'Yar uwa ni abin da nake yi ke nan, na sayi wani sim daban na buɗe WhatsApp Business da sunan sana'a ba sunana ba, ba hoton fuskata ba komai, kaya kawai da farashi. Sitatis awa 24 yake yi ai, ki zuba kayanki da asuba kafin ki fita ko da dare bayan isha'i, yini guda yana nan mutane na gani ba sai kin taɓa waya wajen aiki ba. Masu tambaya ki sa saƙon da ke amsa musu da kanshi cewa za ki kira in kin tashi, ko ki bar ma ƙanwarki wayar ta riƙa amsawa. TikTok ɗin ma ki mai da shi na atamfa zalla, hannunki kawai ake gani yana buɗe turmi. In kin je gaban patiron ki nuna mishi wannan da kanki, ki ce ga shagona ba abin da ya haɗa shi da kilinik, zuciyarshi za ta yi sanyi.

Malam Habu: Manzon Allah (SAW) ya hana bin diddigin asirin Musulmi, kuma a suratul Hujurat Allah ya ce kada ku yi leƙen asirin juna. Wannan ya hau kan mai kilinik game da wayoyinku, ya hau kanku game da marasa lafiya. Lokacin da ake biyan ki dominshi kuma haƙƙin mai aiki ne, kar ki sayar da atamfa a cikinshi. Allah ya ba ki mafita.

Maman Hanifa: Amin malam. Ƙanwata ki samu majo ɗinku da ungozomomin, su ne patiron ba ya so ya rasa, in sun shige gaba magana ta fi nauyi. Ke kaɗai mai kes in kin tsaya, gobe ya kawo ɗiyar ƙanwarshi ya zaunar kan kujerar.

Baba Ilu tsohon delege: Maman Hanifa ta faɗi abin da nike shirin faɗi. Ma'aikatar da ta wuce mutum goma ya kamata a ce tana da delege, ku da kuke sha takwas kun cancanta, amma wannan ku bar shi sai ƙura ta lafa, kar ku haɗa faɗa biyu lokaci guda. Yanzu dai ki nemi kofi na takardar ki ce za ki karanta a gida, wannan haƙƙinki ne. Ku zauna ku huɗu ko biyar da majo, ku rubuta amsa gajera, ku ce mun yarda ba hoto ba bidiyo cikin kilinik, ba buluz a intanet, ba sunan marar lafiya ko na ma'aikata, waya tana cikin jaka lokacin aiki sai in gida anka kira, amma muna roƙon a cire zancen tara da buɗe waya da goge TikTok da abota ta dole. Kowa ya sa hannu, ku aje kofi guda wajenku. In ya ƙi saurare, ku tafi ofishin insipekta na aiki nan Maradi da takardun biyu, ba a biyan ko dala, kiran shi za su yi a zauna sulhu, sai in sulhu ya gagara ake zancen kotu. In kuma ranar Litinin ya tsare ki a buro ya ce sai kin sa hannu nan take, ki rubuta kwanan wata, ki rubuta sama da sa hannunki cewa kin karɓa kin gani amma ba ki amince da tara da bincikar waya ba, sannan ki fito ki sanar da majo abin da ya faru tun ranar.

Mai tambaya (ta hannun admin): Allah ya saka da alheri Baba, na yi magana da majo yanzu ta waya, ta ce ita ma ba ta sa hannu ba, gobe bayan azahar za mu haɗu gidanta mu rubuta. Anti Rabi don Allah ki tura ma admin yadda ake saita saƙon nan mai amsawa da kanshi.