Kafin a Duba Bayanan Medicare na Majinyaci

Masu sayar da keken guragu da injin oksijin a Amurka sun tattauna kan yadda za a duba bayanan majinyaci a Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi da naƙasassu, bakinsu ya zo ɗaya: a nemi yardar majinyaci tukuna. Mafi sauƙi, a kira lambar 1-800-MEDICARE majinyacin yana kan layi, ya amsa da bakinsa. In izinin na dogon lokaci ne, ya cike fom CMS-10106 na ba da izinin bayyana bayanan lafiyarsa, ya sa hannu.

Abin da suka fi nanatawa, ni ma ya fi damuna, shi ne a bincika ko an taɓa ba shi irin kayan. Medicare ba ta cika biyan sabon keke kafin na baya ya shekara 5 ba. In aka yi sakaci, sai a bar dattijo da takardar bashi a hannu, ko mai kaya ya tafka asara.