Victus 15 ko TUF A15: katin hoto zan duba ko gurbin ƙarin ma'adana?

Mubarak Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar kwamfuta. Na daɗe ina tara kuɗin laftof ta wasanni, kuma zaɓina ya tsaya a kan guda biyu da na gani a kasuwa, farashinsu kusan ɗaya. Ta farko HP Victus 15 ce mai katin hoto RTX 4050, ta biyu kuma ASUS TUF A15 ce mai RTX 3050, kowacce da ma'adanar bayanai ta SSD mai GB 512. Mai shagon ya gaya mini cewa Victus gurbin saka SSD ɗaya gare ta, TUF kuwa tana da gurbi biyu, kuma wannan ne ya sa na kasa yanke hukunci, domin ban da wasa ina haɗa bidiyon bukukuwa, aikin da ke cinye wuri sosai. Wacce ta fi dacewa da ni?

Injiniya Rabi'u:
Wa alaikumus salam, Malam Mubarak. Shawarata ita ce ka fara duba abin da ba ya canzuwa. Katin hoto na laftof a liƙe yake da dalma a jikin allon na'urar, saboda haka wanda ka saya da shi za ka zauna har ranar da ka rabu da ita, alhali SSD ƙusa guda ce ke riƙe da ita. RTX 4050 tana da ƙwaƙwalwar GB 6, ita kuwa 3050 da ake yawan sakawa a wannan TUF GB 4 ce, kuma sababbin wasanni sun fara yi wa GB 4 yawa. Za ka ga hoto yana sarƙewa sai ka rage ingancinsa. Gurbi ɗaya ba ya nufin an ɗaure ka da 512. Kana iya cire ta ka sa mai TB 1 ko 2, ka sayi ɗan gidan SSD mai USB, ka kwafe Windows ɗinka gaba ɗaya zuwa sabuwar, tsohuwar kuma ta zama ma'adanar waje da za ka riƙa zuba bidiyon da ka gama.

Hajiya Maman Fahad:
Ban musanta maganar Injiniya ba, amma ina ganin ya rage wa gurbi na biyu daraja. Ni ma aikin bidiyo nake yi, kuma na ɗanɗana zama da ma'adana ɗaya. Abin da aka rubuta 512 ba ya wuce 476 idan ka duba a Windows, sannan wasan GTA V kaɗai zai ɗauke kusan GB 100 kafin ka zuba biki ko ɗaya. Ranar da ma'adanata ta lalace, Windows da aikin wata amarya suka tafi tare, sai da na je gidansu da kaina na ba da haƙuri, ban kuma manta da fuskar mahaifiyarta ba. Tun daga lokacin nake raba manhajoji da aiki a ma'adanai biyu. Ƙanina, idan bidiyon ne ke ciyar da kai, ka auna wannan da kyau.

Injiniya Rabi'u:
Hajiya, abin da ya same ki ajiye kwafi a waje ne maganinsa, domin da ɓarawo ne ya ɗauke laftof ɗin ko wuta ta ƙona ta, ma'adanan duka biyun za su tafi. Gidan SSD mai USB na gigabit 10 yana kai kusan MB 1,000 a daƙiƙa, wanda ya ninka saurin tsohon nau'in SSD na SATA kusan sau biyu, kuma ya isa a yi aikin bidiyo kai tsaye daga kansa. Malam Mubarak, kowacce ka zaɓa, kada ka biya sai an buɗe bayanta a gabanka ka ƙirga gurabun da idonka, domin samfuri ɗaya yakan bambanta daga shekara zuwa shekara. Ka cire wayar batir kafin ka taɓa komai a ciki, idan kuma ta hannu ce ka duba lafiyar SSD ɗin da manhajar CrystalDiskInfo.

Mubarak Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga Victus, kuma zan haɗa da gidan SSD tun ranar farko saboda abin da Hajiya ta faɗa. Saura tambaya ɗaya: idan sabuwa ce, buɗe bayanta zai ɓata garantin mai shago, ko in nemi shi ya canja mini da hannunsa?